Tsohuwar Kwamfutar Tafi-da-Gidanka Mai Ragi: Riba Ce Ko Asara?

Tun daga tsakiyar zangon karatu na biyu, da wuya mako ya fita ba tare da wani uba ya tare mu a bakin ofishin malamai ba, ko wata uwa ta aiko mana da saƙo ta hannun ɗiyarta. Tambayar kuwa kusan iri ɗaya ce: "Malam, yaron nan ya hana ni sakat sai na saya masa kwamfuta. An nuna mana wata tsohuwar yayi, an ce an yi mata ragi mai yawa. Mu saya ko mu haƙura?" Wannan ba tambaya ce da ake amsawa a tsaye a bakin hanya ba. Shi ya sa muka roƙi masu shirya wannan mujalla su ba mu fili mu zauna a kanta sosai, domin amfanin iyaye da kuma ɗalibanmu na ajin ƙarshe waɗanda ke shirin barinmu.

Da farko ya kamata mu tuna da irin kuɗin da ake magana a kai. A ƙasar Sandamu, kamar sauran ƙasar Daura, yawancin iyayen ɗalibanmu manoma ne da ƙananan 'yan kasuwa da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Kuɗin kwamfuta ba daga aljihun riga yake fitowa ba. Buhunan wake ne ko na riɗi da aka adana ana jiran su yi daraja, ko ragon da uwa ta yi wata shida tana kiwonsa a turke, ko kwasar adashin shekara guda. In aka yi kuskure aka sayo wadda ba ta da amfani, ba a sake ganin irin wannan kuɗi sai wata kakar, in ma an gani. Yaro kuwa ya riga ya tafi makaranta da ita.

Abu biyu ne suka haɗu suka sa tambayar ta yi zafi. Na ɗaya, karatu ya koma kan kwamfuta. Hukumar JAMB ta fara shirya jarrabawa ta kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta bar ta takarda baki ɗaya. WAEC ma ta bi sahu a farkon 2024, inda ta fara da masu rubuta jarrabawa daga waje. Ga kuma manyan makarantu sun iso mana har ƙofar gida: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Daura a 2019, da Jami'ar Sufuri wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019, ban da Kwalejin Yusuf Bala Usman wadda ta riga su. Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikinsu, ko ya wuce Katsina ko Kano ko Zariya, zai tarar ana neman ya buga aikin gida, ya cike takardu ta intanet, daga ƙarshe ya rubuta kundin kammala karatu. Na biyu kuma darajar naira ce. Kafin Yunin 2023, dala ɗaya a farashin gwamnati kimanin naira 460 ce. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare dala ta haura naira 1,500. Kwamfuta kuwa da dala ake shigo da ita, kuma ko wadda aka harhaɗa a Nijeriya, kayan cikinta daga waje suke. Saboda haka sabuwa mai nagarta ta fi ƙarfin yawancinmu, har da mu malamai, hankali ya koma kan tsofaffi.

Amsarmu a taƙaice ita ce: i, tsohuwar kwamfuta takan zama ciniki mai riba, har ma takan fi sabuwa mai araha nesa ba kusa ba, amma fa sai in ba ta wuce wata iyaka ta shekaru ba. Wannan iyaka ce muke so kowane mai karatu ya iya ganewa da idonsa, ba tare da ya dogara ga bakin mai shago ba.

Kafin mu je can, mu san cewa kalmar "tsohuwa" ta rufe abubuwa dabam-dabam. Akwai wadda ba a taɓa buɗe kwalinta ba, ta dai daɗe a kan kanta ne har sababbin samfura suka fito, mai shago ya rage mata kuɗi don ya fitar da jarinsa. Akwai ta hannu wadda wani a nan gida ya yi amfani da ita ya gaji, ko buƙata ta kama shi. Amma mafi yawan abin da za ku gani a shagunan titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano, da waɗanda 'yan kasuwa ke saro wa daga Ikeja a Legas su kawo Katsina da Daura, su ne waɗanda ake kira 'yan Beljiyam ko tokumbo. Waɗannan kwamfutoci ne na ofisoshi. Bankuna da kamfanoni da makarantu a Turai da Amurka sukan sayi ɗaruruwa a lokaci ɗaya, ma'aikata su yi aiki da su shekara uku zuwa biyar, sannan a sayar da su a dunƙule a sayo wasu. Da yake don aikin yini guda cur aka ƙera su, jikinsu ya fi ƙwari, ana iya kwance su a sauya abin da ya lalace, kuma da yake iri ɗaya ne aka yi da yawa, kayan gyaransu ba sa wuyar samu. Sunayen da za a riƙe a nan su ne Latitude na kamfanin Dell, da EliteBook da ProBook na HP, da ThinkPad na Lenovo.

To, ina iyakar take? Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa sayen san huɗa a kasuwar Mai'aduwa ya san ba a tsayawa ga sheƙin fata ko girman tozo. Dillali zai yi ta yabo, amma mai saye sai ya buɗe bakin san ya dubi haƙora, domin su ne ba sa ƙarya game da shekaru. Kwamfuta ma tana da haƙoranta, wato lambar da ke jikin ƙwaƙwalwarta, abin da masu gyara ke kira furosesa. Yawancin waɗanda ke kasuwarmu ƙwaƙwalwar kamfanin Intel ce a cikinsu, kuma akan liƙa wata 'yar takarda a gefen maɓallan rubutu mai ɗauke da Core i3, ko i5, ko i7. A nan ne ake yaudarar mutane da yawa. Mai shago zai ce, "Alhaji, wannan ai i7 ce, babbar yaya ke nan," mai saye kuma ya ɗauka tun da bakwai ta fi biyar, magana ta ƙare. Alhali i3 da i5 da i7 matsayi ne kawai a cikin 'ya'yan shekara ɗaya. Ba su faɗi wace shekara ba ce.

Shekarar tana cikin lambar da ke biye. A buɗe kwamfutar, a shiga wurin da take bayyana bayanin kanta, za a ga rubutu kamar haka: i5-8250U. Lambar farko bayan ɗan layin nan, wato 8, ita ce zubin, ko jenareshan a bakin 'yan kasuwa. Wannan zubi na 8 ne, wanda ya fara fitowa a ƙarshen 2017 ya yaɗu a 2018. In aka ga i5-6300U, zubi na 6 ke nan, na wajen 2015 zuwa 2016. In aka ga i7-3520M, zubi na 3 ne, na 2012. Daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyun farko ake karantawa, kamar i5-10210U ko i5-1135G7, wato na 10 da na 11. Wannan i7 ta 2012 da mai shago ke kira babbar yaya, 'yan aiki biyu ne kawai a cikin ƙwaƙwalwarta, ita kuwa i5 ta zubi na 8 huɗu gare ta, ta fi ta sauri, kuma ta fi ta tattalin batir. Muna roƙon ɗalibanmu su karanta wa iyayensu wannan sakin layi sau biyu.

Me ya sa muka kafa iyakar a kan zubi na 8, ba na 7 ko na 6 ba? Ba mu muka kafa ta ba, kamfanin Microsoft ne. Kusan duk waɗannan kwamfutoci da manhajar Windows suke aiki. Windows 10 ta fito a Yulin 2015, kuma tsawon shekara goma kamfanin yana aiko mata da gyare-gyare ta intanet, yana toshe ƙofofin da ɓarayi da masu kutse ke ganowa. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, wannan kulawa ta zo ƙarshe. Kamfanin ya sanar da ƙarin wa'adin shekara ɗaya, zuwa Oktoban 2026, ga waɗanda suka yi rajista ta musamman. Magajiyarta, Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, ta zo da sharuɗɗa, kuma babba a cikinsu shi ne ba ta karɓar ƙwaƙwalwar Intel da ta gaza zubi na 8, sai 'yan ƙalilan da ba a cika gani a nan ba. Ma'ana, kwamfutar zubi na 7 zuwa ƙasa ba ta mutu ba, za ta kunnu, za ta yi rubutu, amma ta zama kamar gidan da mai gadi ya ajiye aiki. Kowace sabuwar ɓaraka da aka gano a katangarsa, haka za ta zauna a buɗe. Sannu a hankali kuma sababbin manhajoji za su riƙa ƙin hawa kanta, kamar yadda ya faru ga Windows 7 bayan an daina kula da ita a Janairun 2020.

In an fahimci wannan, an fahimci dalilin ragin. Ofisoshin ƙasashen waje ba sa yarda su riƙe kwamfutar da ba ta samun kariya, don haka suka yi ta fitar da na zubi na 6 da na 7, su kuma suka biyo jirgin ruwa suka iso mana. Ragi mai yawa a kan irin waɗannan ba alherin mai shago ba ne, farashin abin da wa'adinsa ya cika ne. Har ila yau akwai wata dabara da ya kamata a sani. Ana iya tsallake sharaɗin a ɗora Windows 11 da ƙarfi a kan tsohuwar kwamfuta, kuma masu shaguna da yawa suna yin haka. Saboda haka ganin Windows 11 a fuskar kwamfuta ba shaida ba ce. Lambar nan dai ita ce shaida. Ko sunan samfur ma bai isa ba. Alal misali ThinkPad T480, da EliteBook 840 G5, da Latitude 5490, duk na 2018 ne kuma duk muna yaba su, amma kowanne a cikinsu an fitar da wasu da ƙwaƙwalwar zubi na 7. Jiki ɗaya, suna ɗaya, ciki dabam. Su kuwa irin su EliteBook 8470p da Folio 9470m, waɗanda suka cika ofisoshinmu a shekarun baya kuma har yanzu ake tallarsu, 'yan 2012 ne. Sun yi wa ƙasar nan hidima, amma ba su ne za a sayar da rago a saya wa mai shiga aji ɗaya a jami'a ba.

Bayan ƙwaƙwalwa, abu biyu ne suka rage a cikin ciki, kuma ba su da wuyar ganewa. Akwai abin da ake kira ram, wanda za mu iya kwatanta shi da tabarmar shanya: iya faɗinta, iya abin da za a baza a lokaci ɗaya. Giga 4 ta yi kaɗan a yau, da an buɗe shafuka biyar na intanet da takardar rubutu sai kwamfuta ta fara nishi. Giga 8 ta wadatar ga mai rubutu da bincike da lissafi. Sai kuma rumbun ajiya, wanda iri biyu ne. Tsohon yayi faifai ne mai juyawa, yana da jinkiri, kuma faɗuwa ɗaya daga kan benci takan kashe shi da duk abin da ke ciki. Sabon yayi, wanda ake rubutawa SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa, yana tayar da kwamfuta cikin daƙiƙoƙi. SSD mai giga 256 ya fi faifai mai giga 1,000 amfani ga ɗalibi, ko da yake lambar faifan ta fi cika baki.

A bara wani dattijo daga ɗaya daga cikin ƙauyukanmu, mahaifin wata tsohuwar ɗalibarmu, ya shigo ofis da kwali a hammata yana murmushi. Ya ce, "Malam, ni ban yarda da kayan gwanjo ba. Yarinyar nan ta yi ƙoƙari, sabuwa dal na saya mata." Muka buɗe. Kyakkyawa ce ƙwarai, siririya, ledarta ma ba a ɓare ba. Amma ƙwaƙwalwarta Celeron ce, wato mafi ƙanƙanta a gidan Intel, ram giga 4 wanda aka liƙe shi a jiki ba ya ƙaruwa, rumbu giga 64 wanda Windows kaɗai ta cinye kusan rabinsa. Kuɗin da ya biya ya isa ya sayi ta ofis ta zubi na 8 har ya yi canji. Ba mu iya faɗa masa duka a ranar ba, don ganin farin cikinsa. Kafin zango ya ƙare yarinyar ta dawo hutu tana cewa in ta kunna ta sai ta je ta ɗebo ruwa ta dawo kafin ta gama tashi. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Wannan kam ta yi adon, aikin ne ba ta yi ba. Don haka ita ma wadda ke cikin kwali, sabuwa ce ko tsohuwar ajiya, a buɗe bakinta a dubi haƙora.

Yanzu mu zo ga abin da mu mutanen nan ya fi shafa, wanda kuma masu ba da shawara daga manyan birane ba su cika damuwa da shi ba, wato batir. Kowa ya san yadda wutar lantarki take a garuruwanmu. Ta zo ta tafi ba sallama, wani lokaci a kwana biyu ba a gan ta ba, wasu ƙauyukan ma ba a kai turaku ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, tayar da janareto don kwamfuta ɗaya ya zama almubazzaranci. Kwamfutar tafi-da-gidanka da batirinta ya mutu ba ta tafiya ko'ina, ta zama ta girke, tana jiran wuta kamar firji. Kuma batir shi ne abin da ya fi saurin tsufa a jikin kwamfuta. Ƙwaƙwalwa ba ta gajiya, yadda take gudu a 2018 haka take gudu yau. Batir kuwa kowane ciko da ƙarewa yana rage masa ƙarfi, bayan 'yan ɗaruruwan ciko sai a ga abin da ke kai awa shida ya koma biyu. Zafi yana ƙara gaggauta wannan lalacewa, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafinmu yakan haura digiri 40 a inuwa. Ko wadda ba a taɓa buɗewa ba, in ta shekara uku a kwali a cikin shago mai rufin kwano, batirinta ya riga ya ci rabonsa na tsufa.

Saboda haka ba a karɓar maganar "tana kai awa huɗu" da baki. A ce mai shago ya cika ta, a cire caja, a kunna bidiyo, a zauna a yi hira rabin awa ana kallon agogo. In ta sauka daga 100 zuwa 85 ko kusa da haka, batirin yana da sauran rai. In ta sauka zuwa 60, ko ta ɗauke ɗif tana nuna saura 40, a saka kuɗin sabon batir a cikin ciniki tun a nan. Windows da kanta tana iya fitar da rahoton batir, mai nuna ƙarfin da aka ƙera shi da shi da kuma wanda ya rage masa, kuma duk mai gyaran da ya san aikinsa zai iya buɗe muku shi cikin minti ɗaya. A kuma shafa wurin da ake jan yatsa a ƙasan maɓallai. In ya tasa kamar burodi, batirin da ke ƙarƙashinsa ne ya kumbura, kuma kumburarren batir yana iya kama wuta. Daɗin abin, batiran Latitude da EliteBook da ThinkPad ana samun su a Kano, sai dai a yi hattara da jabu. Cajarsu kuma wat 45 ko 65 ce, wadda ƙaramar sola mai inbata ke iya ɗauka.

Tun da malamai ne mu, bari mu yi lissafi a allo. Lambobin na misali ne kawai, domin farashi yana hawa da sauka kamar na hatsi. A ce ga ta zubi na 4 a kan naira 150,000, ga ta zubi na 8 a kan naira 280,000. Ta farkon tana buƙatar batir da SSD nan take, a ce 60,000, ta tashi a 210,000, kuma in an yi sa'a ta yi shekara biyu kafin a gaji da ita. Kowace shekara ta ci 105,000 ke nan. Ta biyun, ko da an sauya mata batir sau ɗaya a kan 30,000, ta tashi a 310,000, in ta yi shekara huɗu kowace shekara ta ci 77,500. Wadda ta fi tsada a ranar saye ita ce ta fi araha a ranar kammala karatu. Kuma a tuna digiri shekara huɗu ne ko biyar, mai difiloma kuma in zai ci gaba zuwa babbar difiloma, da shekarar koyon aiki a tsakani, shekara biyar ce. Tambayar da uba zai yi wa kansa ita ce ko wannan na'ura za ta raka yaron har ƙarshe.

Mu kanmu ba mu tsira ba, kada a ɗauka daga sama muke magana. Shekaru kaɗan da suka wuce mu huɗu a ofishin malamai muka haɗa kuɗi, muka ga hoton wasu kwamfutoci a waya, muka tura kuɗi aka saka mana su a mota. Cinikin biri a sama ke nan. Uku sun zo lafiya. Ta huɗun, ranar da ta buƙaci gyara, sai aka tarar ofishin da ya yi amfani da ita a can ƙasar waje ya kulle ƙofar cikinta da kalmar sirri, ba mai iya sauya komai. Wanda ya sayar mana ya daina ɗaukar waya, mu kuma ba rasit a hannunmu. Tun daga ranar muka ɗauki ƙa'ida: daga Sandamu zuwa Kano hanya ce miƙaƙƙiya ta Kazaure, kuɗin motar zuwa da dawowa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin kwamfuta ba, don haka a je da ƙafa, a tafi da wanda ya sani. A can a danna kowane maɓalli a ga ya rubuta. A buɗe farin shafi a duba ko akwai tabo ko layi a fuskar. A soka filashi a kowace kafa, a haɗa ta da intanet ɗin waya, a gwada kyamara da lasifika, a buɗe murfin a rufe a ji ko gaɓarsa ta saki. A ce mai shago ya shiga saitin farko na na'urar a gabanku, a tabbatar ba a kulle yake ba. Sannan a karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar jikin kwamfutar da adadin kwanakin da aka yarda a dawo da ita. Wannan takarda ce kuma za ta fitar da yaro in wata rana aka ce kayan sata ne.

Wani ƙaramin abu da ke ba mu dariya: da yake muna kiransu 'yan Beljiyam, wasunsu da gaske daga Beljiyam ko Faransa suke, kuma jerin haruffansu irin na Faransanci ne, A tana inda Q ya kamata ta kasance. Akan liƙa musu takardu a rufe, bayan wata biyu takardun su ɓare. Maƙwabtanmu na Damagaram da Maraɗi sun saba da wannan jeri, amma yaron da zai yi aiki a Nijeriya gara hannunsa ya saba da wanda zai tarar a ɗakin jarrabawa da ofis. Haka nan a yi hankali da waɗanda ake kira Chromebook, masu arahar ban mamaki. Na makarantun Amurka ne, ba Windows ce a kansu ba, kuma yawancin aikinsu sai da intanet.

Shin ta ƙasa da zubi na 8 ba ta da mai ita ke nan? Tana da shi. Malamin da ke buga tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai, ko mai shagon buga takardu, ko sakataren ƙungiyar manoma, wanda ba ya shiga asusun banki da ita kuma ba kullum take kan intanet ba, zai iya morar ta zubi na 6 ko na 7 har wasu shekaru, in dai ya saye ta da arahar da ta dace da matsayinta. Wanda kuma yake da ɗan sani ko yake da mai nuna masa, yana iya cire Windows ya ɗora Linux, irin su Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne, ana ci gaba da kula da su, kuma ba su da nauyi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san zumar ce.

Akwai kuma waɗanda shawararmu gare su ita ce kada su sayi komai tukuna. Iyaye da yawa suna tsorata da jin cewa JAMB ta kwamfuta ce, su ɗauka dole sai yaro ya mallaki tasa. Ba haka ba ne. An tsara jarrabawar yadda da haruffa ƙalilan ake amsa ta: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don ci gaba, P don komawa baya, da wasu biyu ko uku na miƙa aiki. Yaron da ya zauna a gaban kwamfutar makaranta ko ta wata cibiya sau biyar ko shida ya wuce wannan tsoro. Abin da ke kayar da yaranmu Turanci ne da lissafi da kimiyya, ba maɓalli ba. A bari sai takardar shiga makaranta ta fito, a ji abin da sashensa ke buƙata, domin mai karanta zanen gine-gine ko injiniya buƙatarsa ta fi ta mai karanta Hausa ko aikin gwamnati, sannan a buɗe rumbu.

In an saya kuma, ƙurar hunturu ita ce abokiyar gaba. Fankar da ke ciki tana zuƙo iska ta ƙasa, don haka ɗora ta a kan katifa ko filo kamar toshe mata hanci ne. A ɗora ta a kan tebur ko faranti, a rufe ta da ƙyalle in ba a aiki, sau ɗaya a shekara bayan hunturu ya wuce a kai ta a buɗe a hure ƙurar. In wuta ta ɗauke a zare caja daga bango, domin dawowarta da ƙarfi ita ke ƙona caja.

Ga ɗalibanmu na ajin ƙarshe da iyayensu: duk wanda aka yi wa tallar wata kwamfuta, kafin a auna buhu ko a kwance rago, ya rubuto mana abu huɗu a 'yar takarda, wato sunan samfurin, da cikakkiyar lambar ƙwaƙwalwar, da yawan ram, da irin rumbun. Muna ofishin malamai kowace ranar makaranta bayan an tashi, har zuwa ƙarfe uku.